Tasirin Ginuwar Ƙwallo ga Girma da Ingancin 'Ya'yan Lici

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ginuwar ƙwallo ke juya girman ɗan lici, yawan tsokarsa, zamansa a bishiya har ya nuna, da ƙarfin ɓawonsa. An dogara ga binciken da aka yi a kudancin ƙasar Sin, Isra'ila da Indiya. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, tambayar da ta fi muhimmanci ga manomi da mai ƙirƙiro sabon iri ita ce lokacin da tayin ƙwallo ya mutu, fiye da tambayar ko ya mutu ko ya rayu. Idan ya mutu da wuri ɗan ya faɗo ko ya tsumbure, idan ya rayu har ƙarshe ya cinye wurin tsoka, idan kuwa ya mutu bayan rigar ƙwallo da ɓawo sun ginu, a nan ake samun licin da kasuwa ke rububi. Saboda haka ingancin lici yana yankewa ne a makonni bakwai na farko, tun kafin a ga abin da za a ci.

1. Gabatarwa

Bishiyar da zan yi magana a kanta baƙuwa ce ga yawancinmu, don haka zan fara da gabatar da ita.

Lici, wadda masana tsirrai ke kira Litchi chinensis, 'yar dangin Sapindaceae ce, kuma asalinta kudancin Sin. Bafaranshe Pierre Sonnerat ne ya bayyana ta a kimiyyance a 1782, amma tun a 1059 Cai Xiang ya rubuta littafi sukutum a kan ire-irenta na lardin Fujian. A yau Sin ce kan gaba wajen nomanta, musamman lardunan Guangdong, Guangxi, Fujian da tsibirin Hainan. Indiya ke biye, inda jihar Bihar ta yi fice, sai Biyetnam da Tailan. A nahiyarmu Madagaska da Afirka ta Kudu ne kan gaba wajen nomanta don kaiwa Turai a ƙarshen shekara. Bishiyar tana bukatar sanyin da ke ƙasa da digiri 20 na wasu makonni kafin ta yi fure, shi ya sa ba ta yaɗu a ƙasashe masu zafi duk shekara ba.

Ɗan lici ƙarami ne, nauyinsa kimanin giram 20, kuma sassansa uku ne: jan ɓawo mai kaushi, farar tsoka mai ruwa da zaƙi, da ƙwallo guda mai sheƙi a tsakiya. Mai saye yana ɓare na farko, ya tofar da na uku, kuɗinsa na biyu kawai ya saya. To amma a cikin ukun nan, wanda ake tofarwa shi ne ke da ta cewa a kan sauran biyun. Wannan ne batun takardar.

2. Daga fure zuwa ɗa

Zangarniyar furen lici guda tana ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani lokaci dubbai, kuma iri uku ne: namiji zalla, mace, da kuma mai siffar jinsi biyu amma aikin namiji yake yi. Suna buɗewa bi da bi, kuma ƙudan zuma ne kan gaba wajen ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Daga cikin wannan tarin furanni, 'yan ƙalilan ne ke kaiwa ga girbi.

Mahaifar furen mace ɗaki biyu gare ta, kowanne da ƙwai guda. A mafi yawan lokuta ɗaki ɗaya ne ke girma, ɗayan ya ƙanƙance ya zama ɗan ƙullutu a gindin ɗan itacen. Bayan barbara, ƙwan ya fara zama ƙwallo: rigarsa ta waje ta faɗaɗa, cikinsa ya cika da wani ruwa mai ciyar da tayi, tayin kuma yana nan ƙarami ƙwarai.

Abin lura a nan shi ne asalin tsokar. A mangwaro, naman da muke sha bangon mahaifa ne ya kumbura. A lici kuwa bangon mahaifa shi ne ya zama ɓawo, ita kuma tsoka tana tsirowa ne daga igiyar cibiyar da ta haɗa ƙwallo da mahaifa. Tana farawa kamar ɗan zobe a gindin ƙwallo, ta riƙa hawa sama har ta lulluɓe shi ba tare da ta manne masa ba. Ke nan abincin da ke zuwa ƙwallo da wanda ke zuwa tsoka ta ƙofa ɗaya suke shiga. Duk wata alaƙa da za mu gani a gaba, ta taimako ko ta gasa, daga wannan ƙofa ta samo tushe.

3. Wa ke fara girma, wa ke bi

Daga fure zuwa nuna, lici yana ɗaukar kimanin makonni 11 zuwa 16, gwargwadon iri da yanayi. A shekarun 1980 Huang Huibai da abokan aikinsa a Jami'ar Aikin Gona ta Kudancin Sin da ke Guangzhou sun riƙa rarraba 'ya'yan suna auna kowane sashe daban, suka nuna cewa sassan ba tare suke girma ba.

A zango na farko, kimanin kwana 50, ɓawo da rigar ƙwallo ne ke girma. A nan ne ƙwayoyin halittar ɓawo ke rarrabuwa suna yawaita. Tsoka ta ɓullo amma ba ta yi wani abin a zo a gani ba. A zango na biyu tayi ya zabura, ya shanye ruwan da ke ciyar da shi, ya cika rigar ƙwallo ya taurare. Sai bayan tayi ya lafa sannan tsoka ta samu nata rabo, ta riƙa jan ruwa da sukari da sauri a makonni huɗu zuwa biyar na ƙarshe, inda ɗan itacen ke tara mafi yawan nauyinsa.

Huang ya kwatanta alaƙar ɓawo da tsoka da fatar tamaula da robar cikinta da ake hura wa iska: komai iskar da aka hura, robar ba za ta wuce iyakar fatar ba. Awonsu ya nuna cewa nauyin tsoka yana tafiya tare da girman ɓawo da girman rigar ƙwallo, amma yana raguwa idan tayi ya yi girma. Binciken da ya biyo baya a jami'ar ya ƙara da cewa bambancin girma tsakanin manyan iri irin su Erdanli na Hainan da matsakaita irin su Huaizhi ya fi dogara ga yawan ƙwayoyin halittar ɓawo fiye da girman kowace ƙwaya. Yawan nan kuwa a zango na farko ake tara shi, ba a ƙara shi daga baya.

Don haka kuskure ne a ɗauki ƙwallo a matsayin abu guda. Rigarsa mai taimakon tsoka ce, domin tare da ruwan cikinta tana samar da sinadaran girma irin su oksin, jibarelin da saitokinin, waɗanda ke jawo abinci daga ganye zuwa ɗan itacen, su sa ɓawo ya faɗaɗa. Tayinsa kuwa kishiyar tsoka ne, suna takarar wuri da abinci. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai rikice idan ya ga ƙwallo yana ƙara girman ɗan itace kuma yana rage abin da ake ci a lokaci guda.

4. Ƙwallo iri uku

Bisa ga wannan, ana kasa lici gida uku.

Na farko masu cikakken ƙwallo, irin su Huaizhi da Heiye a Sin, Mauritius a Afirka ta Kudu da Isra'ila, da Shahi a Bihar. Tayinsu yana rayuwa har ƙarshe. Sun fi riƙe 'ya'ya, sun fi ba da amfani mai ɗorewa shekara bayan shekara, amma ƙwallo yana cin babban kaso na nauyin.

Na biyu masu motsattsen ƙwallo, wanda manoman Sin ke kira harshen kaza saboda siririn kamanninsa. Barbara ta auku, riga ta fara ginuwa, sannan tayi ya mutu a hanya, rigar ta motse, tsoka ta mamaye gurbin. Nuomici shi ne sarkin wannan gida, kusan duk 'ya'yansa haka suke. Salathiel na Ostareliya da Bedana na Indiya su ma nan suke. Guiwei da Feizixiao kuwa rabi da rabi ne: a bishiya guda a samu masu cikakken ƙwallo da masu harshen kaza. Kason tsoka a wannan gida yakan kai wajen kashi huɗu cikin biyar na nauyin ɗan, alhali a masu babban ƙwallo yakan tsaya kusa da kashi biyu cikin uku ko sama kaɗan. Wannan bambanci ne ya sa Nuomici da Guiwei suka fi Huaizhi tsada a kasuwannin Guangdong.

Na uku marasa ƙwallo ɗungurungum, inda ɗan ke girma ba tare da ƙwai ya ɗauki barbara ba, kamar yadda ake gani a irin Nandaowuhe na Hainan da wani kaso na 'ya'yan Hexiachuan. Irin waɗannan 'ya'ya sukan fi takwarorinsu masu ƙwallo na bishiya guda ƙanƙanta.

Guiwei ya ba mu gwaji na halitta, domin uwa ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ƙwallo ne kawai ya bambanta. Ɗan da ke da cikakken ƙwallo yakan fi nauyi gaba ɗaya, mai harshen kaza kuma ya fi kason tsoka. Wannan ya yi daidai da abin da aka faɗa a sashe na 3.

5. Me ke kashe tayi

Dalilai uku aka fi tabbatarwa. Na farko gado. Wani bincike da aka buga a mujallar Horticulture Research a 2018 ya kwatanta Nuomici da mai cikakken ƙwallo, ya gano cewa a Nuomici aikin wani sinadari mai suna inbatas na bangon ƙwayar halitta ya yi rauni a igiyar cibiya da rigar ƙwallo. Aikin wannan sinadari shi ne farfasa sukarin da ya zo daga ganye zuwa gulukos da furuktos, don ƙwallo ya iya amfani da shi. Da masu binciken suka danne ƙwayoyin gadon da ke samar da shi a iri mai cikakken ƙwallo, sai ginuwar ƙwallon ta samu tangarɗa. A taƙaice, tayin Nuomici yunwa ke kashe shi a bakin ƙofa, ruwan da zai ciyar da shi bai taru yadda ya kamata ba.

Na biyu uban da ya ba da ƙurar fure. A Isra'ila, Raphael Stern, Shmuel Gazit da Chemda Degani sun yi aiki a shekarun 1990 a gonakin da aka dasa irin Mauritius kusa da wani iri mai suna Floridian. Sun nuna cewa 'ya'yan da suka samu ƙura daga wani iri daban sun fi zama a bishiya, sun fi nauyi, ƙwallonsu ya fi girma, yayin da waɗanda bishiya ta yi wa kanta barbara suka fi zubewa. Ashe tsarin dasa gona da zirga-zirgar ƙudan zuma suna da hannu a girman ƙwallo.

Na uku yanayi. Yawan harshen kaza a Guiwei yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara da kuma daga wuri zuwa wuri, kuma bincike a Guangzhou ya danganta hakan da zafi ko sanyin makonnin da ke bin fure. Manomin da ya sayar da Guiwei mai ƙaramin ƙwallo bana ba shi da tabbacin zai samu irinsa baɗi daga bishiyoyin nan dai.

6. Kuɗin da ake biya kan ƙaramin ƙwallo

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙaramin ƙwallo yana zuwa da asara iri biyu.

Ta farko zubewar 'ya'ya. Masu bincike Yuan da Huang sun bayyana a 1988 cewa zubewar tana zuwa ne zango zango: kimanin mako guda bayan fure, sai mako na uku, sai mako na shida zuwa bakwai. Iri masu motsattsen ƙwallo suna da ƙarin zango na huɗu, makonni biyu zuwa uku kafin girbi, wanda shi ne mafi ciwo, domin manomi ya riga ya gama kashe kuɗinsa. Dalilin a fili yake. Rayayyen ƙwallo yana tura oksin ta cikin mariƙin ɗan itace, wanda ke hana gaɓar rabuwa buɗewa. Idan ƙwallo ya mutu, wannan saƙo ya yi rauni, sinadarin asid absisik mai ingiza zubewa ya rinjaya. Haka kuma ɗan da ba shi da rayayyen ƙwallo ba ya iya takarar abinci da sabbin rassa da saiwoyi. Idan aka yi kwanaki ana hadari da rashin rana, irin su Nuomici ne ke fara zubar da 'ya'ya. Tsutsar Conopomorpha sinensis, wadda ke shiga ta gindin ɗan ta ci ƙwallo da igiyar cibiya, tana jawo zubewa ta wannan hanya dai.

Ta biyu tsagewar ɓawo. Tana aukuwa ne lokacin da tsoka ke kumbura da sauri. Nuomici ya shahara da ita, Huaizhi kuwa ba kasafai ba, kuma an gano ɓawon Nuomici ya fi rauni, sinadarin kalshiyam da ke bangon ƙwayoyinsa ya fi kaɗan. Idan fari ya kama bishiya a zango na farko, ɓawo ya tsaya ƙarami ya yi tauri. In ruwan sama mai yawa ya biyo baya dab da girbi, tsoka ta sha ruwa, ɓawon ya kasa miƙewa ya fashe. Adalci ne a faɗi cewa ƙwallo ba shi kaɗai ke da laifi ba: Shahi na Bihar cikakken ƙwallo gare shi, amma yana tsagewa sosai idan busasshiyar iska mai zafi ta kaɗa a watan Mayu. Sai dai a duka biyun, inda matsalar ta faro ɗaya ne, wato ɓawon da bai samu ginuwa da kyau a farkon rayuwarsa ba.

7. Zaƙi, launi da lafiyar mai ci

Yayin da tsoka ke cika, tsaminta, wanda akasarinsa asid malik ne, yana raguwa, sukari kuma yana hawa har ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A daidai wannan lokaci koren ɓawo ke gushewa, jan launin antosayanin ya bayyana. Lici ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, saɓanin mangwaro da ayaba, kuma ɓawonsa yana yin duhu cikin kwana biyu zuwa uku idan ba a sanyaya shi ba. Ke nan zaƙin da bai taru a bishiya ba, babu inda za a same shi.

Akwai kuma batun rai. Tun a 1962 aka fitar da wani sinadari mai guba, MCPG, daga ƙwallon lici. Shi da ɗan'uwansa haifoglaisin A suna hana jiki ƙera sukari daga kitse da sauran ma'ajiyarsa, kuma ana samun su a tsoka ma, sun fi yawa a wadda ba ta nuna ba. A gundumar Muzaffarpur ta Bihar, binciken haɗin gwiwa tsakanin hukumomin yaƙi da cututtuka na Indiya da Amurka, wanda aka buga a The Lancet Global Health a 2017, ya bi diddigin yara 390 da aka kwantar a 2014 da sanƙarewar jiki da suma, 122 daga ciki suka rasu. An danganta ciwon da cin lici tare da kwana ba a ci abincin dare ba. Yaran nan 'ya'yan talakawa ne da ke tsintar 'ya'yan itace a gonaki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin lici 'yar uwar Blighia sapida ce, itaciyar Afirka ta Yamma da Yarabawa ke kira ishin, wadda ɗanyen ɗanta ke ɗauke da haifoglaisin A, kuma an danganta shi da mutuwar yara a Burkina Faso a 1998. Duk mai nazarin nunar 'ya'yan wannan dangi ya sani yana nazarin abin da ya shafi rayukan yara ne.

8. Abin da wannan ke nufi a gona

Idan hujjar takardar nan ta tsayu, to kulawa ta fi amfani a farko. Ban ruwa a kai a kai daga fure zuwa mako na bakwai shi ne ke gina ɓawo mai faɗi da juriya, kuma ruwan da aka zuba a ƙarshe ba ya rama wanda aka rasa a farko. A lokacin ne kuma bishiya ke bukatar kalshiyam da boron.

Na biyu, a taimaki ɗan da ƙwallonsa ba zai iya riƙe shi ba. Manoman Guangdong suna yi wa reshe ko gangar bishiya siririn yanka a ɓawo, zagaye kamar zobe, bayan fure, don sukarin ganye ya tsaya sama ya tafi ga 'ya'ya maimakon saiwa. A Isra'ila, Stern da Gazit sun nuna cewa fesa oksin na roba, da farko 2,4,5-TP, daga baya 3,5,6-TPA, lokacin da ɗan ya kai kimanin giram 2, yana rage zubewa ya ƙara amfani. A fahimtata, feshin yana tsayawa ne a madadin saƙon da ƙwallo ya kamata ya aika, shi ya sa dacewa da lokaci ke da muhimmanci haka.

Na uku, a zaɓi maƙwabcin bishiya da sani. Mai neman yawan amfani daga Mauritius zai amfana da dasa wani iri kusa da ajiye amya. Mai noman Guiwei don kasuwar ƙaramin ƙwallo kuwa dole ya auna, domin ƙurar baƙon iri na iya cika masa ƙwallo.

Na huɗu ya shafi masu ƙirƙiro iri. Ƙwallon lici yana mutuwa cikin 'yan kwanaki idan ya bushe, bishiyar da ta tsiro daga gare shi tana daɗewa kafin ta haihu, kuma ba ta gadon uwarta daidai. Shi ya sa ake yaɗa lici ta ɗaurin reshe har ya yi saiwa ko ta aure. Ƙari a kan haka, iri mafi daraja ba su da rayayyen tayin da za a shuka, don haka yin amfani da su a matsayin uwa yana da wuya sai an ceto tayin a ɗakin gwaji. Taswirar gadon Feizixiao da aka buga a Nature Genetics a 2022 ta buɗe hanyar gano ƙwayoyin gadon da ke juya halin mutuwar tayi tun shuka tana ƙarama.

9. Kammalawa

Takardar ta nuna cewa rigar ƙwallo tana gina ɗakin da tsoka za ta zauna, tayi kuma yana takarar ɗakin da ita, sannan rayuwar ƙwallo ce ke riƙe ɗan a reshe. Irin da ya kamata a nema shi ne wanda rigar ƙwallonsa ke girma sosai, tayinsa ya tsaya a makare, kuma halin ya tabbata ko yanayi ya sauya. Shawarata ga masu bincike ita ce su daina rubuta kason harshen kaza a ranar girbi kawai. Su riƙa yanka 'ya'ya mako mako daga fure, su rubuta ranar da tayi ya tsaya da nauyin riga da na ɓawo a ranar, domin waɗannan alƙaluma ne za su bayyana abin da sikeli zai nuna a ƙarshe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar lici ita ce kwana 50 na farko.